Akuyar da Ta Ci Leda da Huhun Mai Yankan Tayil

Duk mahaucin da ya daɗe yana yanka awakin cikin gari ya san abin da yakan tarar idan ya farke tumbi. Akuyar ƙauye, wadda ta tashi a kan harawa da ciyawa, abin da ke tumbinta kore ne shar, mai laushi. Ta cikin birni kuwa, irin waɗanda ke yini suna kewaya juji a Daurawa da Darmanawa da bayan kasuwar Tarauni a Kano, sau da yawa wuƙa takan ci karo da wani dunƙule mai tauri. Baƙar leda ce da ledar fiya-wata da zaren buhu, sun nannaɗe juna sun murɗe, ruwan ciki ya rine su, wani sai an sa hannu biyu kafin a ɗago shi. In aka wanke dunƙulen aka warware, ledar tana nan yadda aka haɗiye ta, ko rubutun jikinta bai gama gogewa ba.

Ba wauta ke sa akuya cin leda ba. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko awara a ciki tana ɗauke da maiƙo da gishiri, hanci kuma ya gaya mata abinci ne. Tumbin akuya gwani ne wajen aikinsa, yana narkar da kara da ƙaiƙayi da ɓawon rogo, abubuwan da cikin mutum ba zai iya da su ba. Leda ce ta gagare shi. Ba ta narkewa, ba ta wucewa gaba, ba ta dawowa baki a tuƙa ta. Akuya sai ta yi ta ramewa ga ciki ƙato, gashinta ya yamutse, ta daina sha'awar dusa, wata rana a wayi gari ta kasa tashi. In ba a kai ga yanka ta ba aka ja mushen aka yar, nama ya ruɓe, ƙashi ya bushe, amma leda ta fito lafiya lau. Iska ta mayar da ita cikin shara, ta zauna jiran wata akuyar.

Kusan haka abin yake a cikin ƙirjin mutumin da ke sa tayil a sabon ginin da ke bayan layinku.

In kun taɓa tsayawa kun kalli mai tayil yana yanka, kun san yadda abin yake. Yana durƙushe a ɗakin da ba a gama sa wa taga ba, ya take tayil da ƙafa ɗaya, ya kunna injin yanka, faifan ya kama kuka. Farar ƙura ta tashi daga bakin faifan ta nufi fuskarsa kai tsaye, don dole ya sunkuya ya ga layin fensirin da ya ja. Yaronsa yana gefe riƙe da wayar lantarki, daidai inda iska ke kaɗa sauran ƙurar. Kafin azahar gira ta yi fari, gashin hanci ya yi fari, hankicin da ya ɗaura a baki ya zame ya koma wuya tun hantsi. In an tashi aiki ya fyace hanci, ya laluba aljihu ya miƙa wa yaron kuɗi.

"Kai, jeka shagon can ka karɓo mana madarar gwangwani mu wanke ƙirji."

"To, Maigida."

Madarar za ta bi maƙoshi ta sauka ciki. Ƙurar kuwa tun safe ta bi wata hanyar dabam, kuma hanyoyin biyu ba sa haɗuwa.

Baligi yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a yini da kwana. Bututun numfashi yana rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, a yi ta haka har fiye da sau ashirin, sannan a iske wasu ƙananan jakunkunan iska waɗanda yawansu a huhun mutum guda ya kai miliyan 300 zuwa 500. Bangonsu siriri ne ƙwarai da gaske, domin ta jikinsa iskar oksijin ke ratsawa ta shiga jini, kuma da kowane numfashi sai sun buɗe sun koma. Hanyar zuwa wurinsu tana da tsaro. Gashin hanci yana tare manyan ɓarɓashi, majina tana kama na biye, wasu 'yan ƙananan gasu da ke jikin bututun kuma suna ta kaɗa majinar zuwa sama dare da rana, har ta iso maƙogwaro a tofar ko a haɗiye. Saboda haka ƙurar da ido ke gani, wadda ke sa atishawa da kaki, ita ce mai dama-dama, jiki ya san yadda zai yi da ita. Mai illar ita ce wadda ba ta kai maikuron 5 ba. Kaurin gashin kai guda ɗaya wajen maikuron 70 ne, sai ku kwatanta. Irin wannan ƙura ba a ganinta, ba ta da wari, tana iya yin awoyi tana yawo a ɗaki bayan an kashe inji, kuma tana wuce duk wancan tsaro ta isa can ƙuryar huhu.

A can ƙurya babu majina mai kaɗawa. Abin da ke akwai wasu ƙwayoyin halitta ne na garkuwar jiki, waɗanda likitoci ke kira makrofaj, suna rarrafe a jikin bangon jakunkunan suna haɗiye duk baƙon abin da ya sauka. Su ne awakin wannan labari. Wani masani ɗan Rasha, Ilya Mechnikov, ya lura da irin wannan haɗiya a shekarar 1882 a garin Messina na Italiya, lokacin da ya soka ƙaya a jikin wata 'yar halittar teku mai garai-garai, ya wayi gari ya ga ƙwayoyin halitta sun yi wa ƙayar dandazo. Ya sami kyautar Nobel a 1908.

Kowane makrofaj yana da nasa tumbin, wata 'yar jaka a cikinsa mai ɗauke da ruwa mai tsami da sinadarai masu narkarwa. In ƙwayar cuta ce ya haɗiya, cikin ɗan lokaci ta narke. In baƙin hayaƙin itace ne ko na mota, ko da bai narke ba yakan zauna a cikinsa ba tare da tashin hankali mai yawa ba, makrofaj ya ɗauke shi ya haura har inda majina za ta tafi da su, ko ya bi magudanan da ke kai wa ga kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji. A haka muke rayuwa a gari mai ƙura kamar Kano ba tare da huhunmu ya toshe ba.

Silika ce ledarsa. Ita ce sinadarin da ke cikin yashi da farin dutse mai ƙyalli, kuma tana cikin yawancin abin da muke gini da shi. Makrofaj yana haɗiye ɓarɓashinta kamar yadda yake haɗiye komai, ya zuba mata ruwan narkarwa, ta ƙi narkewa. Bayan haka fuskar ɓarɓashin tana cin bangon 'yar jakar har ta huda shi, ruwan da aka tanada don narkar da baƙo ya malala cikin jikin mai shi. Makrofaj ya mutu ya fashe, ɓarɓashin ya fito ko ƙwarzane babu. Wani makrofaj ya zo ya tarar da shi, ya haɗiye, shi ma ya bi sahu. Tun a 1966 wasu masu bincike a Ingila, Allison da Harington da Birbeck, suka nuna wannan a ɗakin gwaji. Ƙwayar ƙura guda tana iya cin rayukan makrofaj ɗaya bayan ɗaya har tsawon shekaru, shi ya sa cutar ke ci gaba ko bayan mutum ya ajiye sana'ar. Mutane da yawa sun kasa gane wannan. Za ka ji an ce, "Ai ya bar aikin dutse tun kafin ya aurar da 'yarsa ta fari." Ya bari, amma abin da ya shaƙa yana nan a ciki yana zagaye.

Akwai inda akuya da makrofaj suka sha bamban, kuma a nan ne ɓarnar take. Akuya tana mutuwa ita kaɗai, unguwa ba ta canja ba. Makrofaj kuwa da kururuwa yake mutuwa. Kafin ya cika sai ya saki wasu sinadarai na kiran gudunmawa, waɗanda ma'anarsu a wurin jiki ita ce an ji rauni a nan. A 2008 ƙungiyoyin masu bincike da dama, ciki har da ta Jami'ar Lozan a Suwizalan, suka gano ainihin makunnin da ke tayar da wannan kira a cikin ƙwayar, wanda suke kira NLRP3, suka kuma nuna cewa silika da asbesto duk suna kunna shi. Da kiran ya fita sai wasu fararen ƙwayoyin jini su kwararo, wurin ya kumbura. Daga bayansu sai masu ɗinke rauni su iso, wato ƙwayoyin da aikinsu saƙa zaren kolajin. Wasu masu bincike, Heppleston da Styles, sun nuna tun 1967 cewa makrofaj ɗin da ya ci silika yana fitar da wani abu da ke sa waɗannan masaƙa ƙara himma.

Su masaƙan ba su yi laifi ba, aikin da aka halicce su dominsa suke yi. Su ne suke rufe maka yankan wuƙa a yatsa. Amma a yatsa rauni yana warkewa, kira ya tsaya, su tattara su tafi. A huhun mai ƙurar dutse kira ba ya tsayawa, don abin da ya jawo shi bai gushe ba. Sai su yi ta saƙa, zobe bisa zobe, a kewayen ɓarɓashin da gawarwakin makrofaj, har wurin ya zama ɗan ƙullutu mai tauri kamar na milimita biyu ko uku, galibi a saman huhu. Wannan tabo ne na zahiri, iri ɗaya da wanda kuke gani a hannun wanda wuta ta taɓa ƙonawa: fata ta tattare, ta yi sheƙi, ba ta miƙewa, ba ta gumi. Tabon huhu shi ma ba ya buɗewa da numfashi, iska ba ta ratsa shi ta shiga jini. In ƙullutan suka yawaita sai su haɗe su zama manyan curi, su janye lafiyayyen huhun da ke kewaye da su su yamutsa shi. Wannan cutar ita ce silikosis. Wadda aka fi sani takan ɗauki shekara 10 ko fiye kafin ta bayyana. In ƙurar ta yi yawa, shekara 5 zuwa 10 ta isa. In ta wuce misali, akwai nau'in da ke kama mutum cikin watanni.

Ba cutar Turai ba ce da muke jin labarinta daga nesa. Ɗaya daga cikin rahotannin da likitocin ƙirji ke ambato a kanta daga Afirka ta Yamma, a kan mutanen ƙasar Kano aka rubuta shi, kuma a kan abin da ke tsakar gidan kowace kaka. A 1975 mujallar likitoci ta Thorax ta buga binciken Dokta David Warrell da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, shi Warrell ɗin da daga baya ya yi suna a duniya kan maganin saran maciji. Sun lura cewa da yawa daga cikin duwatsun niƙa da ake amfani da su a gidajen Najeriya daga wasu 'yan ƙauyuka da ke kusa da Kano ake sassaƙo su, daga irin dutsen nan da asalinsa yashi ne ya dunƙule. Suka je biyu daga cikin ƙauyukan suka duba masassaƙa 126, ba tare da zaɓen marasa lafiya ba. Hoton ƙirji ya nuna silikosis a mutum 49, wato kusan biyu cikin kowane biyar. A cikinsu 17 ƙullutan sun riga sun haɗe sun zama manyan curi. Waɗanda cutar ta kama sun fi sauran daɗewa a aikin.

Abu biyu a rahoton sun fi tsaya mini a rai. Na farko, a fili mutanen nan suke aiki, ƙarƙashin rana, ba a cikin rami mai zurfi ba, har su masu binciken sun ce yawan cutar ya wuce abin da suka zata. Duk mai cewa "ai a waje nake yanka, iska na kwashewa" ya kamata ya ji wannan. Iska tana kwashe abin da ya wuce ka, amma hancinka yana taku guda daga inda ƙurar ke fitowa. Na biyu, kashi 63 cikin ɗari ne na masu cutar suke da wata alama ta ciwon ƙirji, mafi yawa haki in sun ɗan yi aikin ƙarfi. Sauran, fiye da kashi ɗaya cikin uku, suna jin kansu garau alhali hoto ya nuna tabo. Huhu yana da rara mai yawa, sai an ci rarar an ƙare mutum yake fara jin wani abu.

Masu binciken ba su yi wa mutanen wa'azi ba. Lokacin farin nan ne na farkon shekarun 1970, gona ba ta ba da komai, sai suka rubuta cewa da wuya a sa ran mutanen yankin su bar sana'ar da suka gada. Maganar tana nan har yau. Injin markaɗe da na niƙa sun rage wa dutsen niƙa kasuwa, amma ƙurar ba ta ragu ba, sana'a ta canja ne kawai. Yanzu tana wurin masu fasa dutse a sayar da tsakuwa tifa-tifa, da masu yanka tayil da intalok, da masu fafe bango don binne waya da bututun ruwa, da masu goge daɓe, da masu haƙar rijiya a wuri mai dutse. Bi ta Titin Maiduguri daga Daurawa zuwa Hotoro, ko ka shiga lungunan Gyadi-Gyadi inda ake rushe tsofaffin gidaje ana tayar da benaye, kukan injin yanka ba zai bar kunnenka ba.

Ba duk dutse ne ɗaya ba. Wancan dutsen yashi na masassaƙan dutsen niƙa silikarsa takan kai kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari. Kankare yana tsakanin 25 da 70, gwargwadon yashi da tsakuwar da aka zuba. Tayil 30 zuwa 45, giranit 20 zuwa 45, mabul na asali kuwa wajen kashi 2 kacal. Wani zai ce to hazon hunturu fa, wanda ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ya rufe mana gari, ai shi ma ƙurar ƙasa ce. Haka ne, kuma yana tayar da asma da tari, ba abin wasa ba ne. Sai dai ƙurar da ta shekara aru-aru iska da rana suna gogar ta, fuskarta ta riga ta dushe. Wadda faifan inji ya fasa yanzu-yanzu fuskarta sabuwa ce, tana da kaifin sinadari da ke huda cikin makrofaj fiye da tsohuwa, ga shi kuma yawanta a bakin inji ya ninka na hazo nesa ba kusa ba.

Sai kuma maganar tarin fuka, inda ana kukan targaɗe sai ga karaya. Akuyar da tumbinta ya cika da leda, ko ba ledar ce ta kashe ta ba, ƙaramin ciwon da sauran garke za su murmure daga gare shi ita sai ya kayar da ita. Ƙwayar cutar tarin fuka a hannun makrofaj take fara faɗawa in ta shiga huhu, shi ne ke kashe ta ko ya tsare ta. Makrofaj ɗin da silika ta nakasa ba ya iya wannan aiki yadda ya kamata, don haka mai silikosis ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa da tarin fuka ninki uku zuwa huɗu. A ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi yawan masu tarin fuka a duniya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ga kuma rikici a wurin ganewa: cututtukan biyu duk saman huhu suke so, kuma a hoto suna kama da juna. Mutum zai iya shan maganin tarin fuka na wata shida, wanda gwamnati ke bayarwa kyauta, ya gama hakinsa yana nan, a ce ko bai sha daidai ba ne, a sake ɗora shi. Wani kuma yana da su duka biyun, a warkar da ɗaya a bar shi da ɗaya. Tun 1997 kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ƙurar silika a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. In aka haɗa da taba, abin ya ƙara muni.

Wasu ƙasashen sun biya kuɗin wannan darasi da tsada. A Amurka, a farkon shekarun 1930, an fafe wani rami na ruwa a Hawks Nest ta cikin dutse mai yawan silika, a bushe, ɗaruruwan leburori suka mutu cikin 'yan shekaru, yawancinsu baƙaƙen fata. A Afirka ta Kudu sai a 2018 manyan kamfanonin zinare suka amince da biyan diyyar rand biliyan 5 ga tsofaffin ma'aikatan da silikosis da tarin fuka suka kama, lokacin da da yawa cikinsu sun riga sun rasu a ƙauyukansu. Ostareliya kuwa ta haramta wani dutsen ƙira da ake yin saman kantar kicin da shi daga 1 ga Yulin 2024, don silikarsa takan wuce kashi 90, kuma an ga samari 'yan shekara talatin da wani abu huhunsu ya tafi. Abin da wata ƙasa ta haramta ba a daina ƙera shi ba, kasuwa kawai yake canjawa, mu kuma mutane ne masu son sabon yayi a gini.

Asbesto, wanda ke cikin silin da rufin tsofaffin gidaje da yawa, nasa salon dabam ne kaɗan. Shi zare ne dogo siriri, wani ya fi makrofaj ɗin tsawo, sai ya zama kamar akuya ta kama igiyar buhu, ba ta haɗiyu ba kuma ba ta fito ba. Makrofaj ya yi ta zubar da ruwan narkarwarsa a kan naman da ke kewaye. Muddin allon yana nan lafiya a sama ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa guduma za a sauya shi da sabon sili, ranar ce ake sakin zaren, illar kuma takan jira shekara 20 zuwa 40 kafin ta fito.

Likitan dabbobi yana iya tsaga cikin akuya mai daraja ya ciro dunƙulen leda ya ɗinke, ta tashi ta ci gaba da kiwo. Huhu ba ya ba da wannan dama. Ɓarɓashin ya watsu a wurare miliyoyi, kowanne an naɗe shi da tabo, kuma har yanzu babu maganin da ke mayar da tabon huhu lafiyayyen nama. Abin da asibiti ke iyawa shi ne sauƙaƙa numfashi, da maganin tarin fuka in ya shigo, da rigakafin ciwon sanyin ƙirji, da iskar oksijin in abin ya yi nisa. Dashen huhu akwai shi a wasu ƙasashe, amma ba zancen mai tayil ba ne. Madara, da zuma, da man zaitun, da jiƙe-jiƙen da ake cewa suna wanke ƙirji, babu wanda ke kai wa inda ƙurar take.

Wurin da ake iya cin nasara shi ne bakin faifai, kuma abin da ake bukata ruwa ne. An gwada wannan a ƙasarmu. Bayan bala'in gubar dalma na 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, inda yara sama da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinare a bushe har a cikin gidaje, ƙungiyar likitoci ta MSF da wata ƙungiyar kula da lafiyar ma'aikata mai suna OK International sun yi aiki da masu haƙar zinare a Arewa, suka haɗa musu feshin ruwa a kan injinan niƙa. Sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna ƙurar silika da ake shaƙa ta ragu da kashi 80 cikin ɗari, ta dalma kuma da kashi 95. Tanki ne da tiyo da bakin feshi, ba wata na'ura daga sama ba.

A wurin gini ma haka ne. Akwai injin yankan tayil mai kwamin ruwa a ƙarƙashinsa, wanda aka ƙera don haka, ba a ɗauki roba a riƙa tsiyaya ruwa a kan injin lantarki na hannu ba, wannan neman wata masifar ce. Akwai kuma na hannu mai jan layi a karya, wanda kusan ba ya tayar da ƙura, kuma ya isa ga yawancin yanka miƙaƙƙe. Shara bayan aiki a yayyafa ruwa tukuna, kamar yadda ake yi a kowane tsakar gida. Kayan aiki a tuɓe su a wurin aiki, kada a je gida a kakkaɓe a kan yara. Hankici da takunkumin yadi da shuɗin nan na asibiti ba sa tare ƙurar da ba ta kai maikuron 5 ba. Wanda ake kira N95 yana tarewa, amma sai ya manne da fata ta ko'ina, mai gemu kuwa ba ya samun wannan mannewa, iska ta gefe take shiga. A gari irin namu wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fi dogara da ruwa a kan takunkumi.

Ni a ganina nauyin bai tsaya kan mai tayil ba. Ana biyansa ne a kan murabba'in mita, yanka da ruwa yana ɗan rage sauri yana kuma ɓata wuri, mai gida kuma yana tsaye yana cewa biki saura sati biyu. Wanda ya iya sayen tayil ɗin falo katan-katan ba zai gaza kuɗin hayar injin ruwa na kwana uku ba. Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita, amma an gina ta ne a kan ma'aikacin da ke da takardar ɗauka da albashi, wanda mai aikinsa ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin albashi a asusu. Mai tayil da yaronsa ba sa cikin littafin kowa. In haki ya kama shi yana ɗan shekara arba'in da biyar, ya kasa hawa bene da katan a kafaɗa, gidajen da ya ƙawata ba su san ma ya kwanta ba.

Mutanen Daurawa da Gyadi-Gyadi suna da sa'a guda: Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana nan kan Titin Zariya, kusa da gida, kuma a irin wannan asibiti ake samun hoton ƙirji da gwajin kaki da gwajin hura iska da likitocin da suka ƙware a kan huhu. Amma silikosis ba ta da wani gwajin jini da zai kira sunanta. Hoto ne da tarihin sana'a ake haɗawa a gane ta, kuma a wurin tarihin ake yawan yin tuntuɓe. Likita na da layi a waje, zai tambaya a gurguje, "Baba, wace sana'a kake yi?" Dattijo ya ce, "Gadi nake yi, likita," kuma gaskiya ya faɗa, gadin yake yi tun da ƙarfi ya ragu. Shekara goma sha biyar da ya yi yana fasa dutse kafin nan ba ta shigo zancen ba, don ba a tambaye shi abin da ya taɓa yi ba. Duk wanda zai raka irin wannan dattijo asibiti, ya faɗa tun kafin a tambaya: wane irin dutse ya yi aiki da shi, shekara nawa, a bushe ko da ruwa, a ɗaki ko a fili, da yaushe ya bari. A tafi da tsofaffin hotunan ƙirji in akwai, da katin maganin tarin fuka in ya taɓa sha, domin da hoton bara da na bana ne likita zai san ko tabon yana tsaye ko yana ƙaruwa.